Shin da gaske Amurka ta hana karɓar haraji a kan intanet?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin akanta ne. A aji an ce mana Amurka tana da dokar da ta hana jihohi da ƙananan hukumomi sa haraji a kan intanet da cinikin da ake yi ta cikinsa. Amma yayana da ke zaune a jihar Ohio ya ce duk abin da ya saya a Amazon sai an ɗora masa haraji a ƙasan rasit. Wanne ne gaskiya? In kuma akwai dokar, me zai hana mu yi irinta?

Amsa: Ɗan'uwa, malaminku ya faɗi gaskiya, yayanka ma haka. Dokar tana nan, tana aiki har yau, harajin da yayanka yake gani a rasit kuma halastacce ne. Ruɗanin ya samo asali ne daga abubuwa biyu da suka yi tafiya tare tsawon shekara 20 har mutane suka ɗauke su abu guda: dokar majalisa ta 1998, da wani hukuncin Kotun Ƙoli na 1992. Dokar ce ta hana haraji a kan shiga intanet. Hukuncin kotun ne ya sa kayan da aka saya ta intanet suka daɗe suna zuwa ba haraji. A 2018 kotun ta soke hukuncinta, dokar kuwa ta tsaya daram.

Ka fara sanin cewa tsarinsu ya bambanta da namu. Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta karɓar VAT. Harajin da ake ɗora wa mai saye na jihohi ne, kowace da dokarta da adadinta. Jihohi 45 da babban birnin tarayya suna karɓa, biyar ba sa karɓa a matakin jiha: Alaska, Delaware, Montana, New Hampshire da Oregon. Gundumomi da birane kuma suna ƙara nasu a kan na jiha. Ohio, alal misali, tana karɓar kashi 5.75 cikin 100, gundumar da yayanka yake ta ɗora nata a sama. In ka ƙirga hukumomin da ke da hurumin karɓar wannan haraji a faɗin ƙasar, sun haura 10,000.

To, a tsakiyar shekarun 1990 intanet ya fara shiga gidaje ta layin wayar girke, mutum yana biyan kamfani irin su AOL kuɗin wata, kusan dala 20. Masu tara haraji suka fara tambayar kansu: wannan sabon abu a wane aji za a sa shi? Wasu jihohi suka ce waya ce, suka ɗora masa harajin waya, wanda dama ya fi na sauran kaya nauyi. Wasu suka ce sarrafa bayanai ne. Birnin Tacoma na jihar Washington ya yi yunƙurin sa wa kamfanonin intanet harajinsa a 1996, aka yi masa ca, ya janye. Har akwai masana da suka kawo shawarar a riƙa auna yawan bayanan da suka ratsa waya a karɓi haraji a kan kowane awo. Ƙananan kamfanonin da ke haɗa mutane da intanet a lokacin suna da yawa ƙwarai, yawancinsu ba su da ƙarfin ɗaukar lauya da akanta a kowane gari.

'Yan majalisa biyu ne suka ɗauki lamarin: Christopher Cox, ɗan jam'iyyar Republican daga California a majalisar wakilai, da Sanata Ron Wyden, ɗan Democrat daga Oregon, jihar da ita kanta ba ta da harajin ciniki. Shugaba Bill Clinton ya sa wa dokar hannu ranar 21 ga Oktoba, 1998. Sunanta da Turanci Internet Tax Freedom Act, ana taƙaita shi da ITFA. Ikon da majalisa ta dogara da shi na cikin tsarin mulki, inda aka ba ta hurumin tsara ciniki tsakanin jihohi. Ka riƙe wannan, don zai sake fitowa.

Abu biyu dokar ta hana. Na farko, jiha ko ƙaramar hukuma ba za ta sa haraji a kan kuɗin da mutum ya biya don ya samu shiga intanet ba. Na biyu, ba za a sa wa cinikin intanet harajin wariya ko haraji mai ninki ba. Wariya a nan tana da ma'ana takamaimai. In littafin da aka saya a kanti ba a karɓar masa haraji, ba za a karɓa wa wanda aka saya ta intanet ba. In na kanti kashi 6 ne, na intanet ba zai zama kashi 8 ba. Ninki kuma shi ne jihohi biyu su kama ciniki ɗaya kowace ta ci nata, ba tare da ɗaya ta rage abin da aka riga aka biya wa ɗayar ba. Kamar kasuwa ce aka hana kowa tsayawa a bakin ƙofa yana karɓar kuɗin shiga, aka kuma ce buhun da aka sayar a cikinta a caje shi daidai da na kowace kasuwa. Babu inda aka ce a yafe wa buhun.

Dokar ba ta kuma wanke kamfanonin da kansu ba. Suna biyan harajin riba, suna biyan na gine-gine da kadarori kamar kowa. Kiran waya ma bai shiga cikin kariyar ba, ko da ta intanet aka yi shi. Shi ya sa takardar kuɗin wayar mutum a Amurka take cike da ƙananan haraji, amma gefen intanet ɗin yana zuwa a wanke. In kamfani ya haɗa waya da talabijin da intanet a farashi guda, wajibinsa ne littattafansa su iya nuna kason intanet ɗin daban. In ba su nuna ba, jiha tana da damar ta caji dukan kuɗin. Kai da kake karatun akanta, wannan gurbin naka ne, don a nan ake yawan fafatawa da masu binciken haraji.

Da farko dakatarwa ce ta shekara uku kawai. An kafa wani kwamiti mai mutum 19 ƙarƙashin gwamnan Virginia na lokacin, Jim Gilmore, don ya nemo mafita ta dindindin. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a 2000 ba tare da ya samu rinjayen kashi biyu bisa uku da doka ta nema a manyan batutuwan ba, saboda wakilan jihohi da na kamfanoni kowa ya ja daga. Daga nan sai majalisa ta shiga ƙara wa'adi: 2001, 2004, 2007, da wasu gajeru a 2014 da 2015. A Fabrairun 2016 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta mai da haramcin na dindindin. Jihohin da suka riga suka fara karɓar harajin shiga intanet kafin Oktoban 1998 an bar su suna ci gaba duk tsawon wannan lokaci. Bakwai suka rage a ƙarshe: Hawaii, New Mexico, Dakota ta Arewa, Dakota ta Kudu, Texas, Wisconsin, da Ohio ta yayanka. Damarsu ta ƙare ranar 30 ga Yuni, 2020, a daidai lokacin da annobar korona ta tsare yara da ma'aikata a gida, intanet ya zama makaranta da ofis.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa aka daɗe ana sayen kaya ba haraji, kuma ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Tun da daɗewa Amurkawa suna sayayya ta gidan waya: kamfani ya aiko maka da kundin hotunan kayansa, ka zaɓa, ka aika kuɗi, a aiko maka. A 1967, a shari'ar kamfanin National Bellas Hess da jihar Illinois, Kotun Ƙoli ta ce jiha ba ta da ikon tilasta wa kamfanin da ba shi da ƙafa a cikinta ya tara mata haraji. A 1992 Dakota ta Arewa ta sake gwadawa da kamfanin Quill, mai sayar da kayan ofis. Quill yana da masu saye kusan 3,000 a jihar, yana cinikin kusan dala miliyan 1 a shekara a can, amma ba shi da shago ko sito ko ma'aikaci a cikinta. Kotu ta sake cewa a'a, sai in mai sayarwa yana da zama na zahiri a jihar. Ta kuma faɗa ƙarara cewa majalisa tana da ikon canza wannan ƙa'ida duk ranar da ta ga dama.

Ka lura da kyau: kotu ba ta yafe harajin ba. Abin da ta ce shi ne ba za a tilasta wa baƙon kamfani ya zama mai tarawa ba. A doka, wanda ya sayi kaya daga wata jiha ba a caje shi ba, shi zai kai wa jiharsa harajin da kansa, wanda suke kira harajin amfani. Kamfanoni sukan biya don ana duba littattafansu. Mutanen gari kuwa kaɗan ne ƙwarai suke biya, da yawa ma ba su san da shi ba, kuma babu jihar da za ta bi gida-gida tana tambayar wa ya sayi takalmi daga ina.

A 1992 ɗin nan, waɗanda ke da intanet a Amurka ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Alƙalan suna tunanin kundin talla ne da gidan waya. Da Amazon da ire-irensa suka zo, sai ƙa'idar ta zama jari. Mai kantin littattafai a unguwa, wanda yake biyan haya, yake ɗaukar 'yan gari aiki, dole ya ƙara wa mai saye kashi 6 ko 7 ko fiye. Wanda ke aiko da littafin daga wata jiha ba ya ƙara ko sisi. Mutane suka koyi shiga kanti su duba kaya, su taɓa, su yi tambaya, sannan su koma gida su saya ta intanet. Kamfanoni kuma suka riƙa zaɓen inda za su gina sito da lissafin kada su taka jiha mai yawan jama'a. Wannan, a ganina, zalunci ne da aka bari ya daɗe fiye da kima, kuma masu ƙaramin ƙarfi ne suka ɗauki nauyinsa. Tsohuwar da ba ta da katin banki ko kwamfuta tana biyan haraji a kantin unguwa, mai hali yana saye daga ɗakinsa ba ya biya.

Jihohi ba su zauna ba. Wasu sun haɗu a 2002 suka ƙulla yarjejeniyar sauƙaƙa harajin ciniki, suka daidaita ma'anonin kaya da hanyar rajista, don su nuna cewa tarawar ba ta da wahalar da ake faɗa. Jihohi 24 ne a ciki. New York ta yi doka a 2008 da ta ce in kamfani yana da 'yan jihar da ke tallata masa kaya a shafukansu yana ba su la'ada, to yana da ƙafa a jihar ke nan. Illinois ta yi irinta, amma kotun ƙolin jihar ta rushe ta a 2013, kuma da dokar 1998 ta rushe ta, don ta ga an ware masu talla ta intanet an bar masu talla a jarida da rediyo. A shekarar dai majalisar dattawan Amurka ta amince da ƙudirin da zai ba jihohi ikon tarawa, da ƙuri'a 69 da 27, amma ya mutu a majalisar wakilai. Shi kuwa Amazon, da ya ga saurin kai kaya ya fi masa ribar kauce wa haraji, sai ya baza sito ko'ina, kuma daga Afrilun 2017 ya fara karɓar haraji a duk jihohin da ke da shi a kan kayan da yake sayarwa da kansa.

Dakota ta Kudu ce ta kawo ƙarshen zancen. Jiha ce da ba ta da harajin albashi, fiye da kashi 60 cikin 100 na babban asusunta daga harajin ciniki yake fitowa, kuma ta ƙiyasta tana asarar dala miliyan 48 zuwa 58 a shekara. A 2015 Mai Shari'a Anthony Kennedy na Kotun Ƙoli ya rubuta a wata shari'a cewa lokaci ya yi da za a sake duba hukuncin Quill. Jihar ta ji kiran. A 2016 ta yi doka da gangan, tana sane ta saɓa wa hukuncin: duk wanda ya sayar wa mutanenta kayan da suka haura dala 100,000 a shekara, ko ya yi ciniki 200 da su, dole ya tara mata haraji ko yana ina. Ta kai kamfanonin Wayfair da Overstock da Newegg ƙara don maganar ta isa Kotun Ƙoli.

Ranar 21 ga Yuni, 2018, kotun ta ba jihar gaskiya, alƙalai biyar da huɗu. Kennedy ne ya rubuta hukuncin. Ya kawo alƙaluman da ke nuna cinikin intanet ya kai dala biliyan 453.5 a 2017, jihohi kuma suna asarar tsakanin dala biliyan 8 zuwa 33 a shekara. Ya ce ƙa'idar Quill ta zama mafakar haraji da kotu ta gina da hannunta. Ya kuma yaba wa dokar jihar da abu uku: ta ƙyale ƙananan masu sayarwa, ba ta bin bashin shekarun baya, kuma jihar tana cikin yarjejeniyar sauƙaƙawa.

Ina tare da hukuncin, amma ina so ka karanta abin da Alƙalin Alƙalai John Roberts ya rubuta a madadin marasa rinjaye, don yana da hujja mai nauyi. Shi ma ya yarda cewa tushen tsohuwar ƙa'idar kuskure ne. Abin da ya ce shi ne gyaran aikin majalisa ne, don ita ce za ta iya zama ta tsara yadda ƙaramin ɗan kasuwa zai yi da hukumomi 10,000. Ya kawo misalai daga dokokin jihohin kansu. A New Jersey zaren saƙa da aka saya don kayan ado ana karɓar masa haraji, wanda aka saya don saƙa rigar sanyi ba a karɓa. A Illinois cakulan Twix da Snickers, da ake jerawa a kanta ɗaya, harajinsu daban ne, saboda na farkon yana da fulawa an sa shi a ajin abinci, na biyun an sa shi a ajin alawa. Babban kamfani yana da manhaja da ma'aikatan da za su bi wannan. Matar da ke ɗinka jakunkuna a gidanta tana aikawa jihohi 30 ba ta da su.

Abin da ya biyo baya ya nuna dukan ɓangarorin suna da rabonsu na gaskiya. Duk jihohin da ke da harajin ciniki sun yi irin dokar Dakota ta Kudu, Florida a 2021, Missouri ta zo ƙarshe a Janairun 2023. Sun kuma ɗora nauyin tarawa a kan manyan dandalin ciniki irin su Amazon da eBay da Etsy, ba a kan kowane ɗan tireda da ke baje kaya a cikinsu ba, wanda ya sauke wa ƙanana kaya mai yawa. Amma mai sayarwa ta shafinsa na kansa har yanzu yana fama. Ma'aunin ciniki 200 ɗin nan ya zama tarko: wanda ya sayar da abin dala 5 sau 200 ya yi cinikin dala 1,000 kacal, amma sai ya yi rajista ya riƙa cika takardu. Jihohi da dama sun cire shi, har da Dakota ta Kudu kanta a 2023.

Ita dokar 1998 yanzu fagen faɗanta ya koma wani wuri. Birnin Chicago ya faɗaɗa harajinsa na nishaɗi na kashi 9 zuwa kallon fina-finai da sauraren kiɗa ta intanet a 2015, kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta bar shi a 2019. Maryland ta sa haraji na kashi 2.5 zuwa 10 a kan kuɗin tallan intanet na manyan kamfanoni a 2021, bayan majalisarta ta tsallake ƙin amincewar Gwamna Larry Hogan. Kamfanonin suka ce wariya ce, tunda tallan allon bakin titi da na jarida ba a caje su haka. Wata kotu ta rushe harajin a 2022, kotun ƙolin jihar ta soke wannan hukunci a 2023 bisa dalilin cewa ba a bi matakan ƙorafin haraji ba tukuna. Tambayar da ke ƙasan duk waɗannan ita ce wane abu na duniyar zahiri ya yi kama da wane abu na intanet, kuma dokar da aka rubuta a zamanin wayar girke ba koyaushe take da amsa ba. Masu sukarta suna cewa jaririn da aka yi ta don a kare ya zama ƙato, kuma jihohi suna rasa kuɗin makarantu da hanyoyi. Ni dai ina ganin hana harajin shiga daidai ne har yanzu, don yau neman aiki da karatu da hulɗa da gwamnati duk ta nan ake bi, kuma haraji a kan kuɗin wata ya fi cizon talaka.

Batun ko mu yi irinta, sai ka duba inda namu ciwon yake. A Najeriya VAT na tarayya ne, kashi 7.5 tun Fabrairun 2020, don haka ba mu da matsalar jihohi 36 kowace da adadinta a kan kaya ɗaya. Tun Janairun 2022 kamfanonin waje irin su Facebook suna ƙara VAT a kan tallan da 'yan Najeriya ke saye. Harajin kashi 5 da aka so ɗora wa harkar sadarwa kuwa Shugaba Tinubu ya dakatar da shi a Yulin 2023. Tambayar da shari'ar Wayfair ta 2018 ta amsa, wato harajin na inda kamfani yake ne ko na inda mai saye yake, ita ce ta tayar da ƙura a 2024 kan rabon VAT, lokacin da gwamnonin Arewa suka ƙi amincewa da tsarin da aka fara kawowa. Mai sayen data a Kano ne, hedikwatar kamfanin tana Legas, kuma a tsarin wancan lokacin, inda aka rubuta cinikin nan wani kaso na kuɗin yake bi.

Inda jihohinmu da ƙananan hukumomi suke taɓa intanet kai tsaye shi ne kuɗin izinin haƙa hanya don binne wayar intanet, da kuɗaɗe iri-iri a kan turakun sadarwa. Waɗannan ba sa fitowa a rasit ɗinka, amma suna cikin farashin data, kuma su ne suke sa kamfani ya ƙi kai waya garin da ba zai mai da kuɗinsa ba. Majalisar tattalin arziki ta ƙasa ta amince da naira 145 a kowace mita tun 2013, jihohi da yawa suka yi kunnen uwar shegu suna karɓar dubbai. Sai a 2020 Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa 145, Kaduna ta yafe gaba ɗaya. Mu ma mun yi wata doka tamu a 1998, wadda ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa, amma naira 145 ɗin nan yarjejeniya ce kawai, gwamnan da ya ƙi bi babu mai kai shi kotu. In za a ɗauki wani abu daga Amurka, wannan za a fara mayarwa doka mai haƙori, wadda kamfani ko ƙungiyar masu amfani da waya za su iya riƙewa su shiga kotu da ita, tare da tanadin abin da za a ba jihohin a madadin kuɗin da za su rasa, don in ba a yi wannan ba za su dawo da shi da wani suna.